Matakala da Lif: Abin da Muka Gani a Ƙarƙashin Birnin Niyu Yok

 A watan Oktoba na shekarar 2024 Allah ya ba mu zarafi, mu biyu, maigida da uwargida, muka tafi ƙasar Amurka domin mu gano 'yarmu wadda ta haihu a birnin Niyu Yok. Mako shida muka yi a can. Da muka komo gida 'yan'uwa suka yi ta tambayarmu labarin dogayen benaye, da sanyi, da irin abincin mutanen. Duk mun ba su amsa gwargwadon iyawarmu. Amma labarin da muke so mu ba ku yau na ƙarƙashin ƙasa ne, watau jirgin da yake bi ta ƙarƙashin birnin, da tashoshinsa, da mutanen da suke iya shiga, da waɗanda matakala ta hana.

Gari a ƙarƙashin gari

In kana tafiya a gefen titi a Manhatan, sai ka ga wani rami mai shingen ƙarfe kore, mutane suna ta kwarara ciki kamar tururuwa. Nan ne ƙofar tasha. Ka sauka matakala, ka taɓa kati ko wayarka a wata 'yar ƙofa mai juyawa, ka wuce. A lokacin da muke can dala 2 da santi 90 ake biya, ko tafiyar ta tasha ɗaya ce ko ta ƙarshen gari. Sa'an nan ka sāke sauka wata matakala, ka kai dandamalin da jirgi yake tsayawa.

Tashoshin 472 ne, a warwatse cikin manyan yankuna huɗu na birnin: Manhatan, Buruklin, Kwins da Bronks. Waɗansu jiragen da lamba ake kiransu, waɗansu kuwa da harafi. Ba su hutawa, dare da rana, ran aiki da ran hutu. Kafin annobar shekarar 2020 mutum wajen miliyan 5 da rabi suke shiga kowace ranar aiki. A lokacin ziyararmu ba su koma wannan yawa ba, amma sun haura miliyan 3.

Ko da yake ana ce da shi jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba ko'ina yake a ƙasa ba. A Bronks, inda 'yarmu take zaune, yakan fito sarari ya hau ginshiƙan ƙarfe, yana gudu bisa kan motoci. A nan hawa za ka yi, ba sauka ba. A arewacin Manhatan kuma akwai tashar Titi na 191, wadda zurfinta ya kai ƙafa 170. Ko sama ko ƙasa dai, da ƙyar za ka kai ga jirgi ba ka taka matakala ba.

Ranar da muka yi gardama

Tun ranar fari 'yarmu ta shimfiɗa mana taswirar jirgin a tebur. Ta nuna mana wata ƙaramar alama ta mutum zaune a keken guragu, ta ce, “Baba, Mama, in kuna tare da ni da yaron nan, inda kuka ga wannan alama kaɗai za mu sauka. Nan ne akwai lif.” Lif dai shi ne ɗan ɗakin nan na ƙarfe da yake ɗaukar mutum ya kai shi sama ko ƙasa ba tare da ya taka komai ba.

Wata ranar Asabar muka tashi zuwa wata kasuwa a unguwar Harlem, inda 'yan Afirka ta Yamma suke sayar da atamfa da turare da man kaɗanya. Jariri yana cikin kekensa. Maigida ya duba taswira, ya ga wata tasha da take daf da kasuwar, ya ce don me za mu wuce ta mu yi tafiyar ƙafa mai nisa? 'Yarmu ta ce, “Baba, ba ta da alama.” Ya ce ai matakala ba dutse ba ce. Don ladabi ta yi shiru, muka sauka.

Da jirgi ya wuce sai muka ga abin da take faɗi. Uwargida ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa. Ta kama ƙarfen gefe tana hawa ɗaya ɗaya, jama'a kuwa suna gangarowa da gudu, kowa yana sauri kada jirgi ya bar shi. 'Yarmu ta ciro jariri ta rungume, ga jaka a kafaɗa, ga keke ba mai ɗauka. Maigida ya ɗaga keken, ya yi taki biyar, numfashi ya ƙare. Sai ga wani saurayi da ba mu taɓa gani ba. Bai ce uffan ba, ya kama gaban keken, suka haura tare, ya ajiye, ya juya ya yi tafiyarsa kafin mu gama yi masa godiya. Allah ya saka masa da alheri.

Da muka zauna muna hutawa, 'yarmu ta gaya mana dalilin tsoronta. A watan Janairu na 2019 an sami wata uwa mai shekara 22 a kwance a gindin matakalar wata tasha a Manhatan, ta rasu, ga keken 'yarta a gefe. Yarinyar ta tsira. Daga baya likitoci suka ce wata cuta da take jikin uwar ce ta yi ajalinta. Amma tashar ba ta da lif, labarin kuwa ya girgiza iyayen birnin, gama kowace uwa ta san yadda ake saukar da keke a irin wannan matakala. Daga ranar nan maigida bai ƙara yin gardama a kan taswira ba.

Maƙwabcinmu mai keke

A benen da 'yarmu take akwai wani Bahaushe mutumin zangon Kumasi. Da ma a Bronks akwai 'yan Afirka ta Yamma da dama, har kakan ji Hausa a bakin shago. Mutumin nan direban tasi ne a dā, hatsarin mota ya kwantar da ƙafafunsa, yanzu da keken guragu mai batir yake yawo. Da ya ji muna Hausa a ƙofar gida sai ya tare mu da murna, muka saba.

Wata safiya maigida ya tarar da shi yana duba waya, ya ce, “Malam, labarai ake karantawa?” Ya yi dariya ya ce, “A'a Baba, lif nake dubawa. Kafin in fita sai na san wanne ne yake aiki.” Sa'an nan ya yi mana lissafi. A tasha guda yakan bukaci lif biyu: ɗaya daga titi zuwa inda ake biyan kuɗi, ɗaya daga nan zuwa dandamali. Haka kuma a tashar da zai sauka. In zai canja jirgi a hanya, lissafin ya ƙaru. In ɗaya kaɗai ya tsaya cikin waɗannan, tafiyar duka ta ɓaci. Mai ƙafa in ya ga lif a rufe sai ya bi matakala. Shi kuwa sai ya koma cikin jirgi, ya wuce zuwa tasha ta gaba mai lif, wadda mai yiwuwa tana da nisa, ya fito ya nemi bas ya komo da baya.

Muka tambaye shi, ba wata hanya? Ya ce akwai. Bas-bas na birnin duka suna ɗaukar keken guragu, har sukan durƙusa su miƙo wani faifan ƙarfe a hau. Akwai kuma motocin da ake aikowa ƙofar gida domin naƙasassu, amma sai ka nema tun kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyar. Ya ce, “Baba, in aka ce maka ɗan'uwanka yana asibiti yanzu, za ka jira jibi?” Tafiyar da jirgi yake yi cikin rabin sa'a, bas yakan ci fiye da sa'a guda. Don haka inda mutum zai nemi aiki, da makarantar da zai shiga, da zumuncin da zai sada, duk sun rataya a kan wace tasha ce take da lif.

Me ya kawo haka?

Mun yi mamaki ƙwarai yadda birni mai arziki haka zai kasance da wannan matsala. Amsar tana cikin tarihi. An buɗe layi na fari ran 27 ga Oktoba, 1904, mil 9 da 'yan kai, da tashoshi 28. Yawancin tashoshin da ake amfani da su yau an gina su kafin 1940. Magina na wancan zamani sukan fasa titi ne, su haƙa rami mara zurfi, su shimfiɗa dogo, su rufe, su mai da titi bisa. Tun da ramin ba shi da zurfi, sai suka ga matakala ta isa. Ba wanda ya kawo gurgu a ransa, gama a lokacin ana ɗauka cewa wurin gurgu gida ne.

Akwai kuma zancen kuɗi. Daga 1904 har 1948 kuɗin shiga santi 5 ne, bai motsa ba shekara 44, domin duk ɗan siyasar da ya taɓa shi ya san zai sha ƙasa a zaɓe. Kamfanoni biyu masu zaman kansu da suke tafiyar da yawancin layukan suka rasa riba, har gwamnatin birni ta karɓe su a 1940 ta haɗa da nata layin. In kuɗi ya yi ƙaranci, gyara ne ake fara jinkirtawa, gama ba a bikin yanke kyalle domin an toshe yoyo. Haka aka yi ta ɗagawa har zuwa shekarun 1970, sa'ad da birnin ya kusa tsiyacewa. Jirage suka riƙa mutuwa a hanya, ƙofofi suka ƙi buɗewa, aka zane taragu da fenti ciki da waje. Sai a 1982 hukumar sufurin, wadda ake kira MTA, ta soma tsarin kashe kuɗin gyara na shekara biyar biyar, a ƙarƙashin shugabanta Richard Ravitch. A 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai zanen fenti. Duk da haka a 2017 lattin jirage ya sāke yin yawa har gwamnan jihar ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan jirgin, domin waɗansu na'urorin ba da hannu tun na shekarun 1930 ne.

Ma'aikatan da ba a gani

Wani dare mun makara, muka ga mutane sanye da riguna masu ƙyalli suna tafe cikin ramin da fitilu. Surukinmu ya bayyana mana aikinsu. Babban abokin gābar tashoshin nan ruwa ne. Ko a ranar da ba a yi ko yayyafi ba, injuna suna tsotse fiye da galan miliyan 10 daga cikin ramukan, gama da yawansu suna ƙasa da inda ruwan ƙasa yake kwance. Ruwan nan yana cin ƙarfe, yana ɓamɓare fenti, yana lalata wayoyi da injin lif. A watan Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta turo ruwan teku cikin ramuka. Tashar South Ferry, wadda aka buɗe sabuwa ful a 2009, ta cika da ruwan gishiri, ba a sāke buɗe ta ba sai 2017. Tun daga nan aka yi wa ƙofofi da tagogin iska na bakin teku murafai da ake rufewa in hadari ya taso.

Na biyu shara ce. Kusa da dogo biyu da jirgi yake takawa akwai na uku mai ɗauke da wutar lantarki mai ƙarfin volt 600 da ɗoriya. In takardu suka taru a wurin sai gobara ta tashi. Saboda haka akwai jirage na musamman masu zuƙe shara, suna bi da dare.

Wahalar ita ce, yaushe za a yi gyara a hanyar da ba a rufewa? Sai cikin dare da ƙarshen mako, a karkatar da jirgi ya bi wani layi, ko a rufe tasha kwana biyu a wanke, a yi fenti, a canja fitilu. Shi ya sa ran Asabar za ka ga takardun sanarwa manne a ginshiƙai, jama'a suna karantawa suna tsaki. A watan Mayu na 2020, saboda annoba, aka soma rufe jirgin kowane dare domin wanke taragu, aka komo aikin dare da rana a watan Mayu na 2021.

Yadda naƙasassu suka nemi hakkinsu

Lif ɗin da muka shiga ba kyauta aka yi wa kowa ba. A 1979 wata ƙungiyar tsofaffin sojoji da suka shanye ta kai ƙara kotu. A 1984 aka daidaita cewa za a sa lif a manyan tashoshi 54. A watan Maris na 1990, a birnin Washintan, naƙasassu suka sauka daga kekunansu suka ja jiki a matakalar majalisar ƙasa, duniya tana kallo. Ran 26 ga Yuli na shekarar Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare hakkin naƙasassu ta Amurka. A 1994 aka ƙara adadin tashoshin Niyu Yok zuwa 100, a gama kafin ƙarshen 2020.

Amma 100 cikin 472 ba su taka kara sun karya ba. A 2017 ƙungiyoyin naƙasassu suka sāke komawa kotu. A watan Yuni na 2022 aka yi sulhu. A lokacin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na tashoshin mai keke yake iya shiga. Hukuma ta ɗauki alkawari cewa zuwa shekarar 2055 za a kai kashi 95 cikin ɗari, ana yi kashi kashi, kowace shekara goma da adadinta. Tun 2021 kuma hukumar ta naɗa babban jami'i mai lura da wannan sha'ani, Quemuel Arroyo, wanda shi kansa da keken guragu yake tafiya.

Muka ce wa maƙwabcinmu, “Malam, ai an ci nasara.” Ya ce, “An ci, Baba. Amma ka lissafa shekaruna a 2055.” Ba mu sami abin da za mu ce masa ba.

Haƙa rijiya a tsakiyar kasuwa

Mun wuce ta wata tasha da ake sa wa lif, an kewaye gefen titi da katako, muka leƙa. A nan muka gane abin da yake kawo jinkiri. Ƙarƙashin titin cike yake da bututun ruwan sha, da na ƙazanta, da na iskar gas, da wayoyin lantarki, waɗansu sun fi shekara ɗari. Kafin a haƙa ramin lif sai an kawar da su ɗaya ɗaya, ba tare da an yanke wa unguwa ruwa ko wuta ba, jirgi kuwa yana ta wucewa a ƙasa. Tasha mai dandamali biyu takan ci lif uku. Wani dandamalin ƙunci ne da shi, sai an yi dabara kafin lif ya sami wurin zama.

Lif kuma ba shi ne ƙarshen aikin ba. Akan ɗaga wani sashe na dandamali ya yi daidai da ƙofar jirgi, kada ƙafar keke ta faɗa tsakani. Akan shimfiɗa wani rawayan layi mai ƙuraje a bakin dandamali, domin makaho ya ji da sandarsa ko tafin ƙafarsa ya san ya zo gaɓa. Akwai rubutun makafi a ginshiƙai, da alluna masu nuna zuwan jirgi domin kurame, da ƙofa mai fāɗi wadda keke zai wuce. A tsarin 2020 zuwa 2024 an keɓe fiye da dala biliyan 5 domin tashoshi wajen 70. Bayan mun komo, a watan Janairu na 2025, aka soma karɓar dala 9 daga ƙananan motoci masu shiga tsakiyar Manhatan da rana, domin a sami kuɗin gyaran jirgin, har da na lif.

Wani abu da muka lura: duk lif da muka shiga, ba safai muka tarar da mai keken guragu a ciki ba. Tsofaffi ne irinmu, da mata masu ciki, da iyaye masu keken jarirai, da matafiya masu akwati, da wani da ƙafa a ɗaure. Abin da guragu suka yi shekara arba'in suna nema, gari duka yake mora.

Da muka komo gida

Gani ya kori ji. Da muka komo sai muka soma ganin abin da ido ya saba har ya daina gani. Ƙaramin asibitin unguwa yana da taki huɗu a ƙofa. Ajin makaranta yana bisa dakali. A bakin shaguna akwai lambatu a buɗe, an gitta katako guda. Ɗakin da muke taruwa ran Lahadi ma taki uku ne, muka kuwa tuna da wata tsohuwa da ta daina zuwa, muna cewa tsufa ne ya hana ta. Ko mun taɓa tambayarta? 'Yan'uwanmu da shan inna ta taɓa, masu keken hannu, a ƙofa suke barin kekensu su ja jiki su shiga, mu kuwa mun ɗauka haka abin yake.

A Nijeriya ma akwai doka. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara ƙofofinsu. Wa'adin ya wuce. Kowa ya duba garinsu ya ga abin da aka yi.

Mutanen Niyu Yok suna biyan kuɗi mai yawa yau domin abin da kakanninsu ba su yi tunaninsa ba a 1904. Mu da yawancin gine-ginenmu a ƙasa suke, namu gyaran mai sauƙi ne. Gangara ta siminti a gefen taki, mara tsayi ainun, da ƙarfen riƙewa, da ƙofa mai fāɗin da keke zai shiga, aikin magini ne na kwana biyu. In kuwa tun a harsashi aka sa ta, kusan ba ta ƙara komai a kan kuɗin gini. Bayan an yi, sai a riƙa dubawa, gama gangarar da ta farfashe ko aka jibge wa kaya daidai take da lif da ya tsaya.

Mu dai a gidanmu mun fara. Mun rushe dokin ƙofar zaure, mun yi gangara, uwargida tana shiga tana fita ba mai riƙe ta. Mun kuma kai maganar taki ukun nan gaban dattawa. Ya mai karatu, in ka fita gobe, ƙirga takin da ka taka daga ƙofarka zuwa inda za ka, ka tuna da wanda ka sani da ba zai iya taka su ba, ka je ka tambaye shi abin da yake bukata. Allah ya ba mu ikon yi. Sai wata na gaba.